Tafiyata Riruwai Bin Sawun Malam Shu'aibu

Tun da na dawo daga Riruwai ƙawayena suka hana ni sakat. Wannan ta ce in ba ta labarin duwatsu, waccan ta ce ko na ga birai a dajin Falgore, wata kuma abin da ya dame ta kawai shi ne yadda na tafi da surutuna na dawo babu shi. Na gaji da cewa lafiya lau aka je aka dawo, don ba lafiya lau ba ne. Shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta ta ƙyale ni.

Sai na fara da aikina, in ba haka ba tafiyar ba za ta fahimtu ba. Ina aiki a Kano da wata ƙungiya mai kai allurar rigakafin dabbobi ƙauyuka da rugage. Ni ba na taɓa saniya, ba na ma son ta matso kusa da ni. Aikina tsaron na'urori ne. Duk bayanan da ma'aikatanmu ke tattarowa suna tafiya wani rumbu na intanet da 'yan aikinmu ke ce wa gajimare, kuma duk wanda ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa sai ya bar sawu: daga wane gari, da wace na'ura, ƙarfe nawa. Ni ke bin wannan sawu ina farautar masu kutse. Da can da hannu nake yi, in rubuta tambaya in tura wa rumbun, in zauna karatun amsa har idona ya yi ja. Daga baya na gano masu rumbun sun buɗe wata ƙofa da ake kira API, wadda manhaja za ta iya aika tambaya ta karɓi amsa ba sai mutum ya zauna ba. Na yi sati uku ina rubuta 'yar manhajata. Duk awa sai ta je ƙofar, ta nuna makullinta, ta yi tambayoyina a kan sawun kwana talatin da suka wuce, don iyakar abin da ƙofar ke bayarwa ke nan. In ta ga abin zargi sai ta turo mini saƙo a waya: ga wanda na kama, in rufe shi in goge na'urarsa? Ni kuma in latsa e ko a'a. Ba zan ɓoye ba, kaina ya yi girma a kan wannan aiki.

Satin da na kunna ta ya zo daidai da bikin 'yar kawuna a Bebeji. Ranar Alhamis da hantsi ina zaune a tsakar gida, an zana mini lalle hannu biyu har gwiwa bai bushe ba, sai waya ta yi ƙara a cinyata. Na leƙa. Sunan wani ma'aikacinmu ne na Riruwai, Malam Shu'aibu, wanda ban taɓa gani ba. Ya shiga daga wani gari a jihar Kaduna da wayarsa, bayan minti ashirin kuma ya shiga daga Tudun Wada da tablet ɗin ofis, ta wani layin intanet da aka sha kama 'yan damfara a kansa. Mutum dai ba ya rabuwa biyu. Akwai wurin da zan buɗe in ga cikakken bayani, amma sai na yi ta ja da yatsa, lallena kuma zai ɓaci. Na sunkuya na latsa e da ƙarshen hancina. Mata suka yi ta dariya, ni ma na taya su.

Da na koma ofis aka yi mini tafi a wurin taro. Aka dakatar da Malam Shu'aibu sai an gama bincike, ko dai an sace kalmar sirrinsa, ko shi ya ba wasu. Sau biyu ya kira lambata ban ɗauka ba, na ce ƙa'idar aiki ta hana magana da wanda ake bincike. Bayan wata biyu, damina ta riga ta sauka, shugabanmu ya ce in je da kaina in karɓo tablet ɗin, in rubuto bayaninsa, a rufe fayil. Na shirya jaka ina jin daɗi, a raina za ni in ga abin da tarkona ya kama.

Na fara yada zango a Badafi wajen mahaifiyata, Inna, tunda daga can zuwa Kwanar Dangora ba nisa. Inna ba ta taɓa gane aikina ba, ba ta kuma fasa tsokanata a kai ba. Takan ce a gidanmu an yi manoma an yi 'yan koli, amma ni ce mafarauciya ta farko, kuma ni ce ta farko da ba ta taɓa kawo ko gafiya gida ba. Wannan karon na ce mata na kamo babban nama. Na ba ta labari tana tsince wake. Ta saurara har ƙarshe, sai ta tambaye ni me mutumin ya ce da aka tambaye shi. Na ce ai ba a tambayarsa, na'ura ce ta nuna. Ta ce to, ta ci gaba da tsintar wakenta. Wannan to ɗin ya ba ni haushi fiye da a ce faɗa ta yi mini.

Da safe ta ɗora mini kaya kamar yadda ta saba: ƙullin daddawa a kai wa wata ƙawarta a Tudun Wada. Na ce ni ban san gidan ba. Ta ce wa ya ce ni zan kai, in dai ba direba, in ce na Hajiya mai ɗinki ne, zai isa. Na yi tsaki a raina. Ni da nake yini ina tabbatar da wane ne wane kafin a buɗe masa ƙofa, ga uwata tana aika kaya da suna rabi.

A Kwanar Dangora na samu wata tsohuwar mota mai zuwa har Riruwai. Direban sunansa Sale, wani siriri mai haƙorin Makka da bai taɓa zuwa Makka ba, shi ya faɗa da bakinsa kafin a tambaye shi. Na biya kujerar gaba don in tsare kwamfutata, amma sai na tarar gaban ba nawa ba ne ni kaɗai. Akwai kaza a kwali ƙarƙashin ƙafata, da kwalbar magani an ɗaure da tsumma, da takardar asibitin wani. Sale ya karɓi daddawar Inna ya jefa cikinsu bai rubuta komai ba. Kafin mu yi nisa kazar ta samu ƙofa a kwalin ta yi mini aika-aika a kan takalmi, fasinjojin baya suka ce arziki ne. Na ce su zo su kwashi arzikin.

Muna tafe tsakanin gonakin masara sai aljihun gaban motar ya buɗe da kansa a wani rami, wata jakar leda ta faɗo cinyata. Wayoyi ne a ciki, na ƙirga bakwai, kowace da ƙyallenta mai launi daban an ɗaura. Nan take halin aikina ya motsa, na kalli Sale da ido ɗaya. Ya yi dariya ya ce kada in damu, su ma fasinja ne, gida za su koma. Ya ce a wasu ƙauyukan can ƙarshen Doguwa sabis ba ya zama, sai a yi kwana da kwanaki babu. Wanda ke jiran saƙo, ko yake son tura hoto ko takardar makaranta, ba zai bar gonarsa a damina ya yi tafiyar yini ba. Sai ya ba direba wayar, ya gaya masa lambar buɗewa, a kawo ta Tudun Wada wajen Baba mai caji a tasha. Shi zai sa mata wuta, ya haɗa ta da intanet ɗinsa, ta tura abin turawa ta karɓi na karɓa, washegari ta hau mota ta koma.

Na yi dariya sosai. Na ce a wajen aikinmu ko mijinki ba ki ba shi kalmar sirri. Wata dattijuwa a baya ta ce to Allah ya kyauta wa mazajenmu. Ina cikin dariyar ne abin ya faɗo mini a rai. Na tambayi Sale ko ya san Malam Shu'aibu na allurar shanu. Ya ce wa bai san shi ba, ai shekara biyu shi ke ɗauko masa tablet ɗinsa, har ranar da ta lalace.

Tashar Tudun Wada cike take da masu shinkafa da masu rake. Na sayi masara gasasshiya don in samu abin riƙewa, ban iya ci ba. Sale ya kai ni wata rumfar kwano, bango guda duk soket ne, wayoyi sun fi hamsin suna lilo. Baba mai caji dattijo ne mai furfura, da tabarau an ɗaure ƙafarsa da zare. Na gaishe shi na durƙusa, na roƙi ya haɗa ni da intanet ɗinsa. Da kwamfutata ta hau, na duba lambar layin. Na san ta kamar lambar wayata. Ita ce layin 'yan damfarar da ke cikin rahotona. Duk wanda ya sauka a tashar nan da ita yake shiga, malami da ɗan kasuwa da ɓarawo.

Baba da kansa ya kawo zancen da Sale ya ce Riruwai za ni wajen Malam. Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce ranar wata Alhamis ce, ya haɗa tablet ɗin ta fara tura kaya a hankali, don hotuna ne da yawa. Ya juya ya ba wani canji, da ya waiwayo sai ya ga fuskarta ta yi fari fat, ta mutu ta taso kamar sabuwa daga kanti, babu komai a ciki.

"'Yata, ke da kika san kan abin nan," in ji shi, "ko wutar da na sa mata ce ta yi yawa? Wata biyu ke nan abin yana cina. A hannuna amanar mutum ta lalace."

Na ce ba wuta ba ce, Baba, ba laifinka ba ne. Ya yi ajiyar zuciya ya sa mini albarka. Ban gaya masa ni na goge ta ba, kuma wannan shi ne tsorona na farko a tafiyar.

Masu tambayar dajin Falgore, ku yi haƙuri, ban gan shi sosai ba. Na san itatuwa sun rufe hanya dama da hagu, na san hira ta mutu a motar kowa ya koma salati, Sale kuma ya taka mota kamar ana binsa. A shingen jami'an tsaro aka sauke mu. Wani ya ga kwamfuta ya ce in buɗe, ya ga baƙin allo da rubutu tsibi-tsibi ya tambayi aikina. Na ce tsaro. Ya dube ni daga ɗankwali har takalmin da kaza ta yi wa ado, ya ce to abokiyar aiki, a sauka lafiya. Bayan shingen da kaɗan taya ta yi faci. Maza suka taru a kanta, mu mata muka tsaya a gefe, a nan ne na ga biran da ake ta tambayata. Uku ne, suna zaune a kan dutse suna kallonmu, ɗaya ya sauko ya ɗauke masarar da na ajiye a kan jakata. Ban ko kore shi ba.

Mun shiga Riruwai bayan la'asar. Gari ne a gindin duwatsu, da tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya cika. Abin da ya fi ba ni mamaki mutanen ne. A Badafi in ka ji sunan mutum ka san kakansa, a nan kuwa kowa kakansa daga wani wuri ya zo haƙar kuza ya zauna. A layi ɗaya na ji harshe uku, amma ciniki da faɗa duk da Hausa ake yi. Na ga mata da faranti a bakin rafi suna wanke ƙasa suna tace kuza, zani a ɗaure tamau, ba ruwansu da wanda ke wucewa. Na tambayi masauki, Sale ya ce wane irin masauki, baƙuwar Malam ai gidan Malam za ta. Na ce bai san da zuwana ba, kuma ba zuwan daɗi ba ne. Ya ce wannan tsakaninmu ne, shi dai saƙo yake kaiwa inda aka ce.

Matar gidan, Asabe, ita ta karɓe ni. Na faɗi sunana da ofishin da na fito, na ga fuskarta ta canja, amma ta shimfiɗa tabarma ta kawo ruwa. Ta ba ni ɗakin 'yarta da ta yi aure. Da magariba ta kawo fate na tsakin masara, ya sha yakuwa da gyaɗa da wani ganye da ban sani ba. A gidanmu fate abincin marar lafiya ne ko na ranar da aka rasa cefane, a nan kuwa da shi ake karrama baƙo, kuma ban taɓa shan mai daɗinsa ba. Na sha ina jin kunya, don kowane cokali daga rumbun mutumin da na raba da aikinsa ya fito.

Malam Shu'aibu ya dawo daga gona da fartanya a kafaɗa. Gajere ne, ya ba hamsin baya, mai magana a hankali. Na yi zaton zai ɗaure fuska. Sai ya ce madalla, ya daɗe yana addu'ar a turo wanda zai saurare shi. Ya shiga ɗaki ya fito da tablet ɗin a naɗe cikin ɗankwali, ya miƙo mini da hannu biyu. Sannan ya ba ni labarin da ya kira ni sau biyu don ya ba ni.

Akwai rugage a bayan duwatsun nan, ƙarƙashin wani Arɗo, da ba su taɓa yarda a rubuta sunansu ba. Suna tsoron in suna ya shiga takarda, haraji ko kora ce za ta biyo baya. Ƙungiyarmu kuma ba ta ware allura sai da suna da hoton garke. Malam ya yi shekara yana zarya. A ƙarshe Arɗo ya ce ba don takarda ba, don shi Malam, za su bayar. Ya tafi ya yi sati biyar a cikinsu, ruga zuwa ruga, yana kwana inda suka kwana, yana rubuta gida-gida yana ɗaukar hoto, babu sabis ko ɗigo. Ya yi musu alkawari a gaban dattawa cewa kafin ruwa ya zauna masu allura za su zo. Ya dawo ana saura kwana biyu a rufe karɓar sunaye, ya ba Sale tablet ɗin da asuba, shi kuma ya hau dutse da wayarsa don ya shaida wa ofis cewa aiki na tafe.

Washegari ya kai ni dutsen. Na hau ina haki ina tsine wa takalmina, shi yana gaba kamar a tsakar gida yake tafiya. A sama akwai wani faffaɗan dutse da ya yi santsi don zama, mutum huɗu na kai kowa ya ɗaga waya sama. Malam ya nuna mini wani rafi a ƙasa, ya ce daga can jihar Kaduna ce. Babu shinge babu allo, wata mata ma na gani tana tsallakawa da itace a ka. Amma sabis ɗin da ake samu a nan daga can yake zuwa. Ga garin jihar Kaduna da ke cikin rahotona, ina zaune a kansa, a cikin ƙasar Kano.

Na buɗe kwamfuta a cinyata. Bayan rumbun kwana talatin akwai tsohon rumbu inda ake ajiye sawun shekaru, na san da shi, ba a dai shigarsa ta waccan ƙofar, sai mutum ya nema da kansa. Na rubuta tambaya layi shida a kan sunan Malam na tura. Minti huɗu ta ɗauka, na duba agogo. Amsa ta fito jere: dutse, Tudun Wada, dutse, Tudun Wada, kusan kowane sati har shekara biyu. Manhajata ba ta ga wannan ba, don kwana talatin ɗin da ta duba duk yana daji. Ni ce ya kamata in gani. Na rufe kwamfutar na ce masa, Malam, ba wanda ya yi maka kutse, ba kuma lalacewa tablet ɗin ta yi ba. Ni na goge ta. Na gaya masa har da lallen da hancin, don na ga in na rage wani abu ƙarya na yi.

Ya ji ni har ƙarshe. Sannan ya ce Allah ya riga ya rubuta, ya kuma gode da na faɗa. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na ce zan gyara, za a mayar da shi aiki. Ya ce aiki ba shi ne abin ba. Masu allura ba su zo ba, ciwon huhu ya shiga rugagen da farkon damina, kuma a can an gama yanke hukunci cewa ya karɓi sunayensu da hotunan dukiyarsu ya kai wani wuri. Tun daga lokacin ba wanda ya kawo wa Asabe nono, in sun haɗu a kasuwa sai su kau da kai. Na ce ya kai ni in faɗa musu da bakina. Ya ce ba lallai ya yi amfani ba. Na nace, don ni a lokacin gani nake gaskiya in an faɗe ta shi ke nan.

Muka hau babura biyu, muka ƙarasa da ƙafa. Rugar tana wani fili tsakanin duwatsu, da 'yan gonakin dawa a gefe. Abin da na fara lura da shi turaku ne, da igiyoyin maruƙa a jere a ƙasa, da yawa babu komai a jikinsu. Arɗo dogon tsoho ne, ya fito ya ce mini jaɓɓama, wato sannu da zuwa da Fulatanci, ya sa aka shimfiɗa mini buzu. Malam kuwa, Arɗo ya amsa masa sallama a taƙaice, bai ba shi hannu ba. Dattawa biyar suka zauna. Aka kawo fura da nono a ƙwarya mai tsabta, ni kaɗai aka ajiye wa.

Na yi bayani da Hausa mafi sauƙi da na iya. Na ce sunayensu ba su je ko'ina ba, ba a sayar ba, ba a kai wa kowa ba. Suna cikin na'ura, ni kuma daga Bebeji na ba da umarni aka share su bisa kuskure, Malam bai sani ba sai yau ɗin nan. Na ce shanun da suka mutu, in akwai mai alhaki bayan ƙaddara, ni ce. Na yi kuka a gaban mutanen da ban sani ba.

Arɗo ya saurara bai katse ni ba. Ya tambaye ni ko na taɓa zuwa nan, na ce a'a. Ko na taɓa riƙe na'urar kafin jiya, na ce a'a. Ya ce ranar ina Bebeji, ita tana Tudun Wada, na ce e. Ya juya ya yi magana da dattawan da Fulatanci, suka gyaɗa kai, wani har ya yi murmushi. Sannan ya dawo kaina.

"Yarinya, Allah ya yi wa iyayenki albarka," in ji shi. "Kin kwana gidan mutum, kin ci abincinsa, kin ga girmansa zai zube, kin zo kin ɗauki laifinsa kin aza a kanki. Mu ma haka muke koya wa namu. Amma mu ba yara ba ne. Wanda muka ba amana da hannunmu, shi muka sani."

Na rantse. Na buɗe kwamfuta ina nuna masa jerin layukan, babu ma sabis da zai sa su fito da kyau. Yadda na ƙara dagewa, haka suka ƙara ganin tarbiyyata. Na juya wajen Malam ko zai sa baki, sai ya girgiza mini kai a hankali, ya ce in bari haka, kada in zama kamar ina ƙaryata dattijo a gidansa. Da za mu tafi matar Arɗo ta biyo ni da man shanu a wata 'yar roba, ta damƙa mini ta ce na yarinya mai kunya ne. A shekarar da nono ya yi musu ƙaranci ta ba ni shi. Malam ba wanda ya raka shi ko taku ɗaya.

A hanyar dawowa na tsaya a tashar Tudun Wada na gaya wa Baba mai caji abin da na kasa gaya masa da farko. Shi dai ya yarda, ya ce ashe abin har daga nesa ana yi. Daddawar Inna kuma ta isa hannun Hajiya mai ɗinki tun ranar, har ta aiko da godiya.

A ofis na rubuta rahoto na biyu na sa sunana a inda na sa nasa a na farko. Ba a yi tafi ba wannan karon. An mayar da Malam Shu'aibu aiki da takardar ban haƙuri. Na cire wa manhajata ikon goge komai, na sa ta riƙa tuna mini in duba tsohon rumbu, na kuma rubuta a saman saƙon da take turowa cewa a kira mutumin tukuna. Duk wannan ya yi kyau a takarda. Amma sati biyu da suka wuce Malam ya hau dutse ya kira ni, na ɗauka tun ƙarar farko. Ya ce ya koma rugar da sabuwar tablet, ya tarar da turaku kawai. Sun tashi sun tsallaka rafin, ba su bar wa kowa sallahun inda za su ba. Har yanzu a wajensu shi ne mutumin da ya ci amana, kuma duk inda suka sauka da wannan labarin za su sauka.

Man shanun yana cikin firij ɗina. Ƙanwata ta tambaye ni sau biyu ko za a sa a tuwo, na ce ta bar shi. Na kasa ci, na kasa bayarwa, na kasa zubarwa. Ladan kunya aka ba ni, alhali Malam Shu'aibu ne ya tsaya a gefe ba a ko ba shi ruwa ba.